Gurmi ya yi nauyi a Cubase, saƙon murya kuma ya ƙi buɗuwa: ina mafita?

Mai Ƙaramin Situdiyo, Kano:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu sana'ar haɗa sauti. Ina neman taimakonku a kan wata matsala da ta tsayar mini da aiki yau kwana huɗu ke nan, na gwada iya abin da na sani amma ban ga haske ba.

Ina da ƙaramin situdiyo a nan Kano, inda nake haɗa kiɗa a manhajar FL Studio, sannan in kwashe shi zuwa manhajar Cubase domin ɗaukar murya da gyaran ƙarshe, kamar yadda da yawa daga cikinmu muke yi. Wani mawaƙi ya kawo mini aikin waƙar aure, ya ce lallai gurmi na gaske yake so a ciki, ba wanda ake dannawa a fiyano ba. Makaɗin da ya zaɓa dattijo ne da ke zaune a wani ƙauye a ƙasar Katsina, kuma shekaru sun sa tafiya zuwa Kano ta yi masa wuya. Sai muka shirya da wani mai ɗaukar bidiyon biki da ke kusa da garinsu, ya je ya sa wa dattijon kiɗan da na haɗa a kunne, shi kuma ya bi shi da gurmi, aka ɗauka da kyamara, aka ciro sautin aka turo mini a matsayin fayil ɗin sauti irin na WAV.

Idan na kunna wannan fayil a waya ko a manhajar kunna sauti da bidiyo ta VLC, babu abin da ke damunsa, gurmin yana fita tas, har ana jin ƙarar yatsun dattijon a kan tsirkiya. Amma da zarar na shigar da shi cikin aikin waƙar a Cubase, sai ya yi nauyi, ya yi ƙasa, kamar rediyon kaset da batirinsa ya yi sanyi. A farkon waƙar yana kusa da kiɗan, kafin a kai amshi na farko ya fara ja da baya, zuwa tsakiya kuwa kowa ya kama gabansa. Waƙar minti 4 ce cif, amma fayil ɗin gurmin a kan allo ya kai minti 4 da daƙiƙa 21. Na ɗaga muryarsa da maɓalli ɗaya, ya rage a ƙasa; na ɗaga da biyu, ya zarce. Babu inda ya zauna daidai da fiyanon.

Matsala ta biyu ita ce ta muryoyi. Mawaƙin yana kan tafiya, saboda haka ya rera mini baitocin da amshin ta saƙon murya na WhatsApp, domin in san inda kowane baiti zai faɗa. Fayilolin da na kwaso daga wayata sunansu yana farawa da PTT yana ƙarewa da .opus, kuma manhajar ba ta ma nuna su a wurin shigar da sauti. Wani abokina ya ce in sauya ƙarshen sunan zuwa .mp3, na yi, sai suka bayyana amma suka ƙi buɗuwa. Na sake mayar da shi .ogg, abin bai sauya ba.

Ban ɗora laifin a kan manhajar ba, domin shekaru nake aiki da ita lafiya. Na tabbata akwai abin da ban fahimta ba. Abin da ya fi damuna shi ne gurmin. Shin fayil ɗin ya lalace ne, sai an koma wurin dattijon an sake ɗauka? Ina jin nauyin a sake wahalar da shi. Allah ya saka wa duk wanda ya taimaka.

Tsohon Injiniyan Rediyo:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka kwantar da hankalinka, gurmin nan lafiyarsa ƙalau, kuma babu wanda zai koma ya dami dattijo. Lissafin da ka bayar da kanka shi ne ya tona asirin matsalar, shi ya sa nake yaba maka da ka faɗi tsawon fayil ɗin dalla-dalla.

Sautin da ke cikin kwamfuta jerin lambobi ne. Lokacin ɗauka, na'ura tana auna motsin sautin sau dubbai a kowace daƙiƙa, tana rubuta kowane awo. Faifan CD, tun fitowarsa a 1982, an tsayar masa da awo 44,100 a daƙiƙa, kuma daga nan ne masu kiɗa suka gaji wannan adadi. Masu bidiyo da talabijin kuwa nasu 48,000 ne, kuma kusan kowace kyamara a kansa take ɗaukar sauti. To, mai bidiyon nan ya turo maka fayil mai awo 48,000 a daƙiƙa, kai kuma aikin waƙarka yana kan 44,100. Manhajar tana karanta awo 44,100 kacal a duk daƙiƙa, ke nan abin da ya kamata ta cinye cikin daƙiƙa ɗaya sai ya ɗauke ta daƙiƙa ɗaya da ɗoriya. Ka ninka daƙiƙa 240 da 48,000, ka raba da 44,100, za ka samu 261, wato minti 4 da daƙiƙa 21 ɗin da ka gani. Waya da VLC suna duba adadin da ke rubuce a kan fayil su bi shi, shi ya sa ba ka jin komai a can.

Dalilin da ya sa ɗaga murya bai yi maka magani ba kuwa, saukar da aka samu ba ta faɗa a kan wani maɓalli ba. Ta kusa maɓalli ɗaya da rabi, idan ana ƙirga baƙaƙe da fararen maɓallan fiyano. Muryar da ya kamata ta kaɗa sau 440 a daƙiƙa ta koma kusan 404, ta maƙale a tsakanin maɓallai biyu. Ko da ka yi ta lalube har ka dace da muryar, saurin zai ci gaba da zama a baya, sai ka sake jan fayil ɗin da hannu, kuma kowane irin wannan ja yana cin wani abu daga cikin zaƙin gurmin. Kada ka bi wannan hanya ko kaɗan.

Abin da za ka yi shi ne ka cire fayil ɗin daga aikin gaba ɗaya, har daga Pool, wato jerin duk fayilolin sautin aikin a Cubase, ka sake shigo da na asali wanda ba ka taɓa ba. Idan akwatin zaɓi ya fito, akwai wurin da ake tambaya ko a mayar da fayil daidai da adadin aikin; ka sa masa alama, ka kuma sa wa na kwafe fayil zuwa foldar aiki. Idan akwatin bai fito ba, to wataƙila wata rana an kashe shi a cikin saituna, sai ka mayar da shi. Wannan mayarwa lissafi ne na gaske, manhajar za ta sake rubuta lambobin ta yadda tsawo da murya za su zauna yadda dattijon ya kaɗa su.

Ka kuma leƙa katin sautinka. Wani lokaci fayil da aiki duk suna daidai, amma katin ya maƙale a kan wani adadi dabam saboda wata manhaja ta riga ta kama shi, sai waƙar gaba ɗaya ta yi sama ko ta yi ƙasa. Naka ba haka ba ne, tun da gurmin kaɗai ya kauce, amma yana da kyau ka san alamar.

Batun saƙon murya kuwa, abokinka ya ba ka shawara da kyakkyawar niyya, sai dai ba ta da tushe. Idan ka ɗauki buhun gero ka rubuta masa shinkafa a jiki, mai tuwon shinkafa zai kwance ya tarar da gero. Haruffan da ke ƙarshen suna rubutun jikin buhu ne kawai. A kowane fayil na sauti akwai abu biyu: mazubi, da kuma salon da aka matse sautin da ke cikinsa. Saƙon muryar WhatsApp ana matse shi da salon Opus, wanda aka tabbatar da ƙa'idarsa a 2012, sannan a zuba shi a mazubin Ogg. Manhajarka ta san mazubin Ogg, amma abin da ta saba tararwa a ciki shi ne wani salo da ya girmi Opus, mai suna Vorbis. Shi ya sa ko da ka mayar da sunan .ogg, ta buɗe mazubin ta ga abin da ba ta iya karantawa ba.

Maganin shi ne juyarwa ta haƙiƙa. Ka mayar wa fayilolin sunansu na asali, ka buɗe su a Audacity, wadda kyauta ce. Idan taka tsohuwa ce ta ƙi buɗe su, ka haɗa mata FFmpeg, wata manhajar juya sauti da bidiyo, da shi za ta buɗe Opus da M4A da AMR da sauran abin da wayoyi ke fitarwa. Ka fitar da su a matsayin WAV mai bit 24 (bit shi ne ma'aunin zurfin kowane awo), a kan 44,100 tun da a nan aikinka yake. Wanda ya saba da rubuta umarni yana iya yin haka da layi ɗaya:

ffmpeg -i murya.opus -ar 44100 -c:a pcm_s24le murya.wav

Ina kuma ba ka shawara ka sauke wata ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna MediaInfo. Duk fayil ɗin da ya shigo situdiyonka daga waje, ka fara jefa shi cikinta kafin ya kusanci aikin waƙa. Za ta gaya maka mazubinsa, da salon da ke ciki, da adadin awonsa, da ko bakinsa ɗaya ne ko biyu, wato mono ko sitiriyo. Na sha ganin fayil mai suna WAV wanda cikinsa matsattsen sauti ne na ADPCM daga wata ƙaramar na'urar ɗauka, tsofaffin manhajoji suna ƙin sa, mai shi yana ta rantsuwa cewa WAV ne. Gaskiyarsa, WAV ne, amma WAV ma mazubi ne.

Ɗan Damagaram:

Gaisuwa ga Baba Injiniya, bayaninsa ya wadatar. Ni daga Zinder nake, kuma rabin aikina da mawaƙan Kano da Maraɗi ne, saboda haka kusan kullum fayil yana tsallaka iyaka ta waya. Ina so in ƙara wani abu da nake ganin ɗan'uwanmu zai yi karo da shi gobe, ko da ya warware na yau.

Juyar da saƙon murya zuwa WAV zai sa ya buɗu, amma ba zai dawo da abin da aka zubar ba. An tsara saƙon murya ne domin magana ta isa da data kaɗan, don haka ana zubar da mafi yawan abin da ke sa murya ta yi kauri da sheƙi tun a wayar mai turowa. Idan don ka san inda baiti zai faɗa ne, kamar yadda ka ce, babu laifi. Abin da nake tsoro shi ne ranar da mawaƙin zai ce tafiyarsa ta yi tsawo, amshin nan da ya turo a bar shi haka nan a cikin waƙar. Kada ka yarda, ɗan'uwa. Na taɓa yarda sau ɗaya saboda kunya, na kwana biyu ina gyara, amma duk inda mawaƙin ya furta "s" ko "sh" sai ka ji wani ruwa-ruwa a ciki, kamar yana magana ta bayan fanka, kuma da aka sa waƙar a manyan lasifikoki a wurin biki abin ya fito fili.

Idan dole ne ya ɗauka da waya, ya yi amfani da manhajar ɗaukar sauti da ke iya ajiye WAV, ya shiga ɗaki mai labule da katifa, ya kashe fanka. Mai iPhone yana iya shiga saitin Voice Memos ya zaɓi ingancin da ba a matsewa. Sannan wajen turowa, ya turo shi a matsayin takarda, wato ta Document, domin ta nan fayil yana isowa yadda yake, kuma yanzu ana iya tura har gigabait 2.

Na san abin da za a ce shi ne data. Lissafinta ba ɓoyayye ba ne: WAV mai baki biyu a kan 44,100 da bit 16 yana cin kusan megabait 10 a minti ɗaya, mai 48,000 da bit 24 kuwa kusan 17. Amma murya ɗaya ko gurmi ɗaya da aka ɗauka da makirfo ɗaya ba ya buƙatar baki biyu, sai nauyin ya ragu da rabi. Wanda yake so ya ƙara ragewa ya juyar zuwa FLAC, wanda yake matsewa ba tare da zubar da komai ba, yakan mayar da fayil kusan rabinsa, idan ya iso a warware shi ya koma WAV ɗinsa cif.

Akwai kuma tambayar da nake so in yi maka: kiɗan da aka sa wa dattijon a kunne, a wane salo ka tura shi? Idan MP3 ne, ka sani cewa salon MP3 yana ƙara ɗan shiru a farkon fayil, kusan kashi ɗaya cikin arba'in na daƙiƙa, kuma ba kowace manhaja ce take cire shi ba. Ƙari a kan haka, mai kyamara ba zai iya danna ɗauka daidai da farawar kiɗa ba. Saboda haka bayan ka gyara saurin, kada ka yi tsammanin gurmin zai hau daidai don kawai ka jingina shi da farkon aikin. Ka faɗaɗa hoton sautin, ka nemo bugun farko na dattijon, ka ɗora shi a kan bugun kiɗanka da ido da kunne.

A wuri ɗaya ne kawai nake da ra'ayin da ya ɗan bambanta da na Baba, da neman afuwarsa. Ni a ganina, wanda zai buɗe sabon aiki a yau gara ya buɗe shi a kan 48,000 tun farko. Waƙoƙinmu kusan duk a bidiyo suke ƙarewa, ko a fim, ko a YouTube, ko a faifan biki, kuma masu tace hoto a kan 48,000 suke. Mu daina yi wa CD hidima alhali ba ma buga shi.

Mai Ƙaramin Situdiyo, Kano:

Alhamdu lillahi. Baba Injiniya, Allah ya ƙara girma. Na cire fayil ɗin na sake shigo da shi, akwatin bai fito ba sai da na shiga saituna na tarar an kashe shi, ina jin wani daga cikin yaran da ke koyon aiki a wurina ne ya gaji da ganinsa. Da na mayar da shi na sa alamar, gurmin ya dawo minti 4, ya zauna a kan muryar fiyano ba tare da na taɓa komai ba. Ɗan'uwa na Damagaram, ka yi gaskiya, MP3 na tura, kuma sai da na matsar da gurmin da hannu kafin ya hau. Saƙonnin muryar ma sun buɗu ta Audacity.

Sai dai tun da Allah ya haɗa ni da masana, bari in kawo ta uku, wadda na riga na fitar da rai a kanta. Makon jiya wata mai amshi ta zo ta rera nata kason, muna tsakiyar ɗauka mai tsawo aka ɗauke wuta, batirin da ke riƙe kwamfutar kuma ya riga ya mutu, komai ya mutu nan take. Da wuta ta dawo, na tarar da fayil a foldar Audio, nauyinsa ya haura megabait 40, amma babu manhajar da ta yarda ta buɗe shi, har VLC. Wannan ɗauka ita ce mafi kyau da ta yi a ranar, ta sake sau uku bayan nan ba ta kamo ta ba. Ban goge shi ba, ban kuma san amfanin ajiye shi ba.

Kuma idan na kai aikin wani situdiyo a filash domin gyaran ƙarshe, sau da yawa yakan buɗe yana cewa wasu fayiloli sun ɓata. Me ke jawo haka?

Mai Gyaran Murya, Kaduna:

Malam, ka yi dabara da ba ka goge shi ba, domin ina kyautata zaton muryar tana nan a ciki. Nauyin da ka faɗa shi ne shaida.

Fayil ɗin WAV yana da ɗan kai a farkonsa, wanda a mafi sauƙin siffarsa bait 44 ne kawai. A nan ake rubuta adadin awo, da yawan bit, da yawan baki, da kuma tsawon sautin da ke biye. Lokacin ɗauka, manhaja ba ta san tsawon ba tukuna, don haka tana ta zuba sautin a faifai, sai an danna tsayawa take komawa ta cike wannan gurbi. Da wuta ta yanke, sautin ya riga ya sauka, amma gurbin tsawon bai samu cikawa ba. Duk manhajar da ta zo sai ta karanta kan, ta ga kamar babu komai a bayansa, ta juya.

Da farko ka kwafi fayil ɗin, ka yi aiki a kan kwafin, ka bar na asali a gefe. Ka buɗe Audacity, ka shiga File, sai Import, sai Raw Data. Wannan hanya tana tsallake kan, ta tambaye ka kai da kanka abin da ya kamata ta karanta a can. Ka ba ta abin da aikinka yake kai ranar: idan bit 24 kake ɗauka, ka zaɓi Signed 24-bit PCM, jerin bait ya zama Little-endian, baki ɗaya tun da makirfo ɗaya ne, adadi kuma 44,100. Ina roƙonka ka rage lasifika sosai, ka cire abin kunne kafin ka kunna, domin idan ba a dace ba abin da zai fito ƙara ce mai tsanani irin ta talabijin da ba ta kama tasha ba, tana iya cutar da kunne.

Idan ka ji wannan ƙarar, kada ka karaya. A bit 24, kowane awo bait uku ne, kuma idan aka fara karatu daga tsakiyar awo, duk lambobin da ke biye sai su rikice. Akwai gurbin da ake rubuta inda za a fara karatu. Ka gwada 0, idan bai yi ba ka gwada 1, sannan 2. Ɗaya daga cikin ukun nan dole ya faɗa daidai, matuƙar sauran bayanan da ka bayar gaskiya ne. Za ka ji ɗan ƙyas a farko, wannan kan fayil ɗin ne aka karanta a matsayin sauti, sai ka yanke shi ka fitar da sabon WAV. Daƙiƙun ƙarshe kafin yankewar wutar wataƙila ba su sauka ba, wannan sai haƙuri. Idan kuma hoton sautin ya fito a miƙe babu motsi daga farko har ƙarshe, to faifan ya ware wurin ne bai kai ga rubutawa ba, a nan babu abin da za a iya.

Game da fayilolin da ke ɓata, fayil ɗin aikin waƙa ba ya ɗauke da sauti a cikinsa, adireshi kawai yake riƙewa. Idan ka jawo gurmi daga Downloads, ka jawo kalangu daga wani filash da kwamfutarka ta kira E, aikin zai rubuta waɗannan adireshi, a kwamfutar wani kuma babu su, ko filash ɗin ya koma F. Zaɓin kwafewa zuwa foldar aiki da Baba ya ambata shi ne rigakafin. Ga ayyukan da suka riga suka warwatse, Cubase tana da Prepare Archive a cikin Pool, wanda ke tattaro komai wuri ɗaya, FL Studio kuma tana iya fitar da aiki a ƙunshe cikin zip tare da sautukansa. Idan situdiyon da za ka je manhajarsu dabam ce, ka fitar da kowane layi a matsayin WAV nasa, dukkansu su fara daga farkon waƙar ko da layin shiru ne a wurin, ka rubuta saurin kiɗan da adadin awon a sunan foldar.

Akwai wani abu da ya shafe mu mu masu rubuta Hausa musamman. Ni ina son a rubuta ƙ da ɗ da ɓ yadda suke a ko'ina, amma ban da sunan fayil da folda na aiki. Wasu tsofaffin manhajoji da ƙananan na'urorin da ake ɗora musu ba su san waɗannan haruffa ba, kuma wani lokaci wajen ƙunshewa a zip da warwarewa a wata kwamfuta sukan rikiɗe su koma alamar tambaya ko wasu baƙin alamomi, sai adireshin ya daina dacewa. Na taɓa ɓata yini guda a kan foldar da na sa wa suna Waƙar Ɗiyata, da na mayar da ita Wakar_Diyata komai ya buɗe. Ka kuma guji folda cikin folda cikin folda masu dogayen sunaye, domin Windows ta daɗe da iyakar haruffa 260 ga cikakken adireshi, kuma manhajoji da yawa har yanzu a kanta suke.

Tsohon Injiniyan Rediyo:

Malama mai gyaran murya ta gama magana a kan fayil ɗin da wuta ta yanke, ba ni da abin ƙarawa sai cewa ka sayi sabon batiri kafin ka sake kiran kowa ɗauka.

Ɗana na Damagaram, babu buƙatar neman afuwa, hujjarka mai ƙarfi ce kuma na karɓe ta ga sabon aiki. Inda nake jan kunne shi ne kada ƙanenmu ya karanta wannan ya je ya sauya adadin aikin da ke hannunsa yanzu, wanda ya riga ya cika da muryoyin da aka ɗauka a kan 44,100. Idan ya sauya ba tare da an juyar da dukkan fayilolin ba, abin da ya sami gurmi zai sami kowa ta ɗaya gefen, waƙar minti 4 ta koma minti 3 da daƙiƙa 40, muryoyi su tsinke su yi sama. Ya ƙarasa wannan a inda ya fara ta, idan mai bidiyo ya nemi 48,000 sai a juyar masa da kammalallen fayil sau ɗaya a ƙarshe.

Mai Ƙaramin Situdiyo, Kano:

Malama, Allah ya biya ki. Na gwada 0 na samu ƙara, na gwada 1 haka nan, a kan 2 sai ga muryar ta fito sarai. Minti 5 da 'yan daƙiƙu na samu, rabin layin ƙarshe ne kawai ya yanke, kuma ina da shi a ɗauka ta biyu, na riga na ɗinke su. Na kira mai amshin na sa mata ta waya, ta yi shiru na ɗan lokaci sannan ta ce ai ta ɗauka wannan ya tafi.

Baba, na ji gargaɗin, wannan aikin zai ƙare a kan 44,100, na gaba kuma zan buɗe shi a kan 48,000 kamar yadda ɗan'uwa na Damagaram ya ce. Mawaƙin zai dawo ranar Asabar ya rera baitocinsa a gaban makirfo, kuma ya ce idan an kammala shi da kansa zai kai wa dattijon waƙar har ƙauye ya ji gurminsa.